Jiƙaƙƙiyar Haya

Unguwar Dosa, Kaduna
Farkon Rajab

Ɗana Sharhabil,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da abokan aikinka na sama da na ƙasa. Mu nan sai godiya. Gwiwata ce dai take ta yi mini gardama, in na zauna ba ta son in tashi, kunnen hagu kuma ya ƙara nauyi. Shi ya sa na ce ka daina kirana a waya kan maganar nan. Kai kana ihu daga can, ni ina "na'am?" daga nan, matan maƙwabta suna kwasar labari ta katanga. A takarda za mu yi ta. Musa, injiniyan nan naku da iyalinsa suke Hayin Banki, ya ce duk zuwansa gida zai biyo ya karɓa.

To, albishirinka. Kawunka Sani ya je Malali wurin mahaifin Samira, Alhaji Abdurrahim, kuma an karɓe shi hannu bibbiyu. Ya dawo baki har kunne, ya ce shayin da aka ba shi ma da madara ne. Ni kuma na shiga ciki wurin uwarta, Hajiya A'isha. Ta tambaye ni yadda muke da kai. Na ce mata marigayiya Hafsatu 'yar kawuna ce, ba ciki ɗaya muka fito ba, dangin mahaifinka kuma tun rasuwarsa nisa ya raba ku, amma duk wanda yake neman uwar Sharhabil a Kaduna, ƙofata za a nuna masa. Ta ce hakan ya ishe ta.

Yarinyar nan, Sharhabil, ka iya zaɓe. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta kawo ruwa, da ta ga ina ɗingishi ta tambaye ni maganin da nake sha, ta ce a rage wancan a riƙe wannan. Ashe aikin asibitin nata ba na ado ba ne.

Saura abu ɗaya. Alhaji ya ce zai yi bincike kafin a sa rana, kuma da ƙafarsa zai yi, ba aike ba. Kada ka ji komai, halinsa ne. An ce ko rago zai saya sai ya san garin da aka haife shi. Tsohon ma'aikacin gwamnati ne, komai sai ya gani a rubuce. Don haka ka aiko mini da cikakken sunan kamfaninku, da hotunanka cikin kayan aiki kusa da jirgi, waɗanda fuskarka ta fito sosai. Ni dai na riga na cika baki a gidan, na ce ɗana matuƙin jirgin sama ne, kada ka ba ni kunya da hoton da ka rufe ido da baƙin tabarau.

Allah Ya tsare ka a tashi da sauka.

Innarka,
Hajara


Yamai
Tsakiyar Rajab

Inna,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki da kyau, ina gaida Kawu Sani, Allah Ya saka muku da alheri. Gwiwar nan ki tausaya mata, ki bar su Khadija masu girkinki su riƙa tsayawa a kan tukwanen biki, ke ki zauna a kujera kina ba da umarni, ai shi kika fi iyawa.

A ƙarƙashin fiffiken jirgi na karanta takardarki, a tsaye. Ban san ina murmushi ba sai da mataimakina ya ce, "Oga, ƙarin girma aka yi maka?" Na ce masa ya fi haka. Inna, na ji daɗi ƙwarai. Tun da Mama ta rasu ban ji wani ya ce "ɗana" a gaban mutane da ƙarfi haka ba.

Alhaji ya yi bincikensa yadda ransa yake so, ba ni da abin ɓoyewa. Sunan kamfaninmu Shamuwa, kuma ɗan Kaduna ne, a can aka kafa shi. Ga hotuna uku na sa a ambulan, duk na bana ne, babu tabarau ko a ɗaya.

Yanzu muna Yamai. An ba da mu jiƙaƙƙiyar haya, ni da jirgin gaba ɗaya, kuma da alama za mu ɗan daɗe a cikinta. Musa yana tsaye a kaina yana nuna mini agogo, jirgin da zai bi ya kusa tashi. Sauran bayani sai na samu zama.

Ɗanki,
Sharhabil


Unguwar Dosa
Ƙarshen Rajab

Sharhabil,

Assalamu alaikum. Lafiyarmu lau, gwiwa da sauƙi, amma hankalina ba a kwance yake ba, don haka gaisuwar yau gajeriya ce.

Jiƙaƙƙiyar haya kuma? Na karanta layin nan har takardar ta yi laushi a hannuna. Na san akwai kogi a Yamai, sai na ce shi ke nan, jirgi ya faɗa kogi da ɗana a ciki, ga shi har yana cewa za su daɗe. Sai da na sha ruwa na nutsu na tuna wanda yake cikin kogi ba ya rubutu mai kyau haka. Daga nan na yanke cewa yoyo jirgin yake yi, irin na kwanon kicin ɗina. Da na kai hotunanka Malali kuwa na gaya wa Hajiya A'isha, don ta taya mu addu'a. Ita kuma ta gaya wa Alhaji. Na sani, bakina ne, ba sai ka faɗa ba.

Amma wannan ƙaramar ce. Ranar Litinin Alhaji ya sa babbar riga, ya ɗauki Kawunka Sani a mota, suka tafi filin jirgi. Kanta-kanta ya bi yana tambayar inda ake sayar da tikitin Shamuwa. 'Yan matan da ke wurin suka riƙa kallon juna, wata ma ta ce ko kamfanin mota yake nufi. Can sai wani dattijo mai tura kaya ya ji, ya ce, "Shamuwa? Allah sarki. Ai sun daɗe da rufe kanta, Alhaji. Nan wajen take a da, inda ake sayar da lemo."

Washegari Alhaji ya aiko a kira ni. Na tarar ya jera hotunanka a kan tebur. A na farko kana gaban jirgi mai koren bindi da sunan wani kamfani. A na biyu jirgin ja ne, da rubutun Faransanci, hular kanka ma da wata alamar daban. Na uku fari fat, ko harafi babu, sai ka ce ba a raɗa masa suna ba. Ya ce, "Malama Hajara, ni ma'aikata ɗaya na shiga ina saurayi, a cikinta na yi furfura. Yaron nan ya ba mu sunan kamfanin da aka ce ya mutu, ya aiko hoton kamfani biyu da bai ambata ba, da na uku marar suna, duk a shekara ɗaya. Sannan an ce jirgin nasa yana yoyo. Ke in 'yarki ce, ya za ki yi?"

Bai ɗaga murya ba, bai kuma ce ya fasa ba. Cewa ya yi maganar sa rana ta dakata, kuma yana son ya san matsayarsa kafin azumi, don ba ya son ya riƙe yarinya a kan abin da ba shi da tabbas.

Ni na san wanda na raina, ban taɓa kama ka da ƙarya ba, ko ta naman miya. Amma sanina ba zai shiga kunnen Alhaji ba. Ka zauna ka rubuto mini dalla-dalla: wa kake yi wa aiki, ina ofishinku, me ya jiƙa ku. Ka kori Musa daga kanka in ya zo da agogonsa.

Innarka,
Hajara


Unguwar Dosa
Tsakiyar Sha'aban

Sharhabil,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya. Kai ne dai ba mu sani ba, tunda shiru kake ji. Kullum in aka taɓa ƙofa sai in ce Musa ne, sai in ga mai kawo gawayi. Wannan takardar matar Musa zan kai wa, ta san yadda za ta yi da ita.

Da na ga shirun ya yi yawa sai na ce bari in taimaki kaina, kuma a nan na ƙara kwafsawa. Na zauna ina juya kalmar nan taka, haya, haya. Sai na ce ai ni ma sana'ata ke nan. Mai biki yakan zo ya ce in ba shi tukwane zalla, ya nemi masu girkinsa. Wani kuma ya ce in haɗa masa da su Khadija, su zo su dafa, su wanke, su kwaso mini kayana. Baƙi su ci su ce uwar amarya ta iya girki, babu mai jin sunan Hajara. Na ce wallahi irin wannan ce, an ba da Sharhabil da tukunyarsa. Daɗi ya kama ni, na yafa mayafi na hau Keke sai Malali.

Alhaji ya saurare ni har ƙarshe, yana gyaɗa kai. Na ce a raina yau na gama da shi. Sai ya ce, "To madalla. In bikin ya ƙare, masu girkin naki ina suke zuwa?"

Na ce, "Gida mana, su jira wani bikin."

Ya ce, "In wata ya wuce babu biki fa?"

Na ce, "Sai su ci gaba da jira."

Ya ce, "Kin gani. Da ina tsoron yana yawan canza wurin aiki ne. Yanzu kin nuna mini ba shi ma da wurin, ɗan jiran kira ne."

Ka ji yadda Innarka ta je gyara ta dawo da ɓaraka. A Keke ina dawowa dariya ta kama ni, sai kuma hawaye, mai Keken yana ta leƙena ta madubi.

Jiya Samira ta biyo daga wurin aiki, wai ta zo duba gwiwa. Gwiwa dai ta samu dubawa kaɗan. Ta ce ta yi wa babanta bayani iyakar abin da ta sani, ya ce shaidar mai so ba ta shiga bincike. Na ce to ke da kuke waya kullum, ba ki gaya masa halin da ake ciki ba? Ta sunkuyar da kai, ta ce, "Inna, mutane yake ɗauka a sama. Ba na son ya tashi da damuwa a ransa." Ka ji irin matar da kake shirin yin sakaci da ita.

Azumi yana matsowa. In akwai abin da kake jin nauyin faɗa mini, ka faɗa, ba yau na fara jin magana mai nauyi ba. In kuma babu, to ka yi wa Allah ka ɗauki biro.

Innarka da ke jira,
Hajara


Duwala
Ƙarshen Sha'aban

Inna,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Lafiyata lau, ban jiƙe ba, ban faɗa kogi ba, jirgina kuma ko ɗigo ba ya yi. Ki yafe mini. Takardunki biyu yau suka iso hannuna tare. Ta farkon ta je Yamai ta tarar an ɗauke mu zuwa Duwala ta Kamaru, Musa kuma aka tura shi wani wurin da ita a aljihu. Da na karanta na kira Samira, muka yi faɗanmu na farko, na minti kaɗan, ni ne kuma na ba da haƙuri.

Na yi dariyar yoyon nan har mataimakina ya leƙo, amma da na kai kan maganar Alhaji dariyar ta tsaya. Laifina ne. Kalmar wurin aiki ce muka mayar da ita Hausa muna wasa da ita, na manta ba kowa ya san ta ba. Ga bayanin, ki kai masa takardar ya karanta da kansa.

Dattijon filin jirgi bai yi ƙarya ba, Shamuwa ya taɓa yin kanta. Mutum biyu suka kafa shi: Kyaftin Salisu, tsohon matuƙi, da Injiniya Atika, wadda ta fi kowa sanin cikin inji a cikinmu. Da jirgi ɗaya suka fara, ƙarami mai farfela, yana zuwa Jos da Yola da Sakkwato. Ofishin farko ɗaki ne a saman wani shagon taya a Hayin Banki. A lokacin na shiga, ina yaga tikiti a bakin ƙofa, kin tuna rigar nan mai ruwan toka da kike goge mini. Su ne daga baya suka tura ni makarantar tuƙi a Zariya.

Abin bai yi ba, Inna. Ƙaramin kamfani mai sayar da tikiti kullum cikin zullumi yake. Ran da jirgi ya cika a yi murna, ran da ya tashi da mutum kaɗan mai ɗaya zai sha. Manyan kamfanoni kuma suna iya karya farashi su jure, mu ba ma iyawa. Aka kai lokacin da ma'aikata suka riƙa tafiya ɗaya bayan ɗaya, ban ga laifinsu ba. Ni ma an kira ni wani wurin. Na je na gaya wa Kyaftin, ya ce in tafi da albarkarsa. Na fito har bakin titi, na tsaya ina kallon shagon tayar nan, sai na ga ba zan iya ba, na koma sama.

Ana cikin haka wani kamfani a ƙasar maƙwabta jirginsu ya tafi babban gyara, ga fasinja sun riga sun sayi tikiti. Suka roƙi a ba su aron namu, da matuƙa da injiniyoyi, na ɗan lokaci. Da muka dawo Injiniya Atika ta ce wa Kyaftin, "Wannan ne karo na farko da muka yi aiki ban leƙa na ƙirga kawunan fasinja ba. Me ya sa muke wahalar da kanmu?" Daga nan aka rufe kanta, aka shafe sunan Shamuwa daga jikin jirgi, aka yi masa farin fenti. Mutane suka ce mun mutu. A gaskiya ranar muka fara numfashi.

Ga yadda sana'ar take. Haya iri biyu ce. In ka ba kamfani jirgi zalla, su nemo matuƙansu da masu gyaransu, ita ake kira busasshiya. In ka ba su jirgi da matuƙa da masu hidimar fasinja da injiniyoyi da inshora, ita ce jiƙaƙƙiya. Su nasu su sayar da tikiti, su sayi mai, su liƙa sunansu a jikin jirgin, wani lokacin har hula su ba mu. Mu namu jirgi ya tashi lafiya a kan lokaci. Awannin da ya yi a sama ake biyan kamfaninmu, ko ya cika ko bai cika ba. Akwai ma ta tsakiya, wadda masu hidimar fasinja nasu ne, ita muke ce wa mai danshi, amma kada ki kai wannan Malali. Yanzu jiragenmu sun ƙaru, wasu namu ne, wasu mu ma busasshiyar haya muka ɗauko su daga masu su a ƙasashen waje.

Misalinki na tukwane daidai ne, wuri ɗaya kawai ya kauce, kuma tambayar Alhaji tana kan hanya. Mu ba ma zaman jiran biki. Kafin jirgi ya motsa an sa hannu a yarjejeniya ta watanni, wata har shekara, da mafi ƙarancin awannin da dole a biya ko ba a tashi ba. In kasuwar wannan ƙasa ta yi sanyi, ta wata tana zafi: lokacin Umara, hutun ƙarshen shekara, ko sabon kamfani da bai sayi jirginsa ba tukuna. Ni kuwa albashina daga Shamuwa yake fitowa duk wata, ko ina sama ko ina ƙasa. Ban taɓa yi wa wani kamfanin aiki ba tun da na fara aiki.

Ofishinmu yanzu yana bayan rumfar gyaran jirage, ba ta ƙofar fasinja ake shiga ba, shi ya sa ba su gan shi ba. Hotunan kuma, ki ce Alhaji ya duba ƙananan haruffan da ke kusa da bindin jirgin a duka ukun. Lambar rajista ce, ba ta canzawa ko an canza fenti. Jirgi ɗaya ne, Inna. Shi nake tuƙawa tun bara, riga kawai yake sauyawa.

Ina son yarinyar nan, ba zan ɓoye miki ba. Tun da na karanta takardarki abinci bai shiga cikina ba. Ki yi abin da za ki iya, amma don Allah kada ki ƙara kai misali.

Ɗanki,
Sharhabil


Unguwar Dosa
Daren farko na azumi bai zo ba tukuna, gobe ake duban wata

Ɗana,

Assalamu alaikum. Kowa lafiya. Gwiwa ma yau ban ji ta ba, ko ta yi ciwo ban saurare ta ba. Ka nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba.

Ranar Juma'a bayan la'asar muka je Malali da Kawunka Sani, na miƙa wa Alhaji takardarka, na kama bakina kamar yadda ka ce. Ya karanta a hankali, yana bin layi da yatsa. Da ya zo wajen shagon taya ya tsaya, ya koma baya ya sake karantawa. Sannan ya aika aka ɗauko masa gilashin nan mai ƙara girman rubutu, ya duƙufa a kan hotunanka. Ya duba na farko, ya rubuta haruffan a bayan ambulan. Ya duba na biyu. Da ya kai na uku sai na ji ya ce, "Ikon Allah. Shi ne dai." Har ya kira Hajiya ta zo ta gani, yana nuna mata sai ka ce shi ya gano abin.

Na ce to an gama. Ina! Ya ajiye gilashi ya ce, "Takarda ta yi ma'ana. Amma mai neman aure ne ya rubuta ta. Ina son in ji daga bakin wanda ba shi yake neman auren ba." Kawunka ya dube ni, na dube shi.

Alhaji bai rufe baki ba aka yi sallama a ƙofar gida. Wani dattijo ne dogo, cikin farin yadi marar aiki, ya zo a tsohuwar mota da kansa yake tuƙawa. Ya ce sunansa Salisu, yana neman gidan Alhaji Abdurrahim. Ashe Musa ne, da ya ga ɓarnar da jinkirinsa ya jawo, kunya ta kama shi, ya je ya zayyana wa mai gidanku komai. Shi kuma gidansa ashe ba nisa, nan bayan Malali yake.

Sharhabil, ban taɓa ganin an yi wa mai kamfani tambayoyi irin na ɗaukar aiki ba sai ranar. Ina ofishinku? Wa yake duba lafiyar jiragen? In wanda ya yi haya ya fasa fa? In jirgi ya lalace a ƙasar mutane fa? Kyaftin yana amsawa yana dariya, ya ce da ya samu irin Alhaji tun farko da bai sha wahalar da ya sha ba. Alhaji ya ji daɗin wannan, na ga gemunsa yana motsi. Har ya ce ranar Litinin zai je ya ga ofishin, Kyaftin ya ce shi zai zo ya ɗauke shi.

Can sai Alhaji ya gyara zama, ya ce, "Saura tambaya ɗaya. Yaron fa?"

Kyaftin ya daina dariya. Ya ce, "Alhaji, akwai ranar da na zauna ni kaɗai a ofis, na sallami kowa, ina tunanin wanda zan sayar wa kujeru. Sai na ji takun mutum yana hawowa bene. Yaron nan ne, da na riga na yi masa sallama. Ya ce ya manta bai share ofis ba. Ya ɗauki tsintsiya. Daga ranar bai ƙara maganar tafiya ba, ni ma ban ƙara maganar rufewa ba."

Wannan ba ka rubuta mini shi ba, ɗan nema.

Sai Alhaji ya juya wajen Kawunka ya ce, "Malam Sani, Asabar ta biyu bayan ƙaramar Sallah ta yi muku?" Kawunka ya ce ko gobe ma ta yi. Daga cikin gida na ji guɗa, Hajiya A'isha ce, ashe tana bayan labule tun ɗazu. Ni ban san lokacin da na miƙe tsaye ba tare da na dafa komai ba.

Ban gama ba. Da aka shafa fatiha Alhaji ya tambayi wanda zai karɓi auren a ɓangarenku, tunda dangin mahaifinka suna nesa. Kawunka ya buɗe baki zai ce shi ne, sai Kyaftin ya riƙe masa hannu. Ya ce, "Malam Sani, haƙƙinka ne, ba na jayayya. Roƙo nake yi. Mun saba mu yi aiki a rubuta sunan wasu, ban taɓa damuwa ba. Wannan karon ina son a ji nawa. Ka bar ni in zauna a gaban liman in ce na karɓa wa ɗana."

Kawunka, ka san shi da saurin kuka, ya gyaɗa kai yana share ido. Ni kuma na ja mayafi na rufe fuska, na ce a raina, Hafsatu, ki huta, yaronki ya yi uba.

Don haka ka gaya wa masu hayarku tun yanzu su nemi wani matuƙin na makon bikin. Ka iso da wuri tela ya auna ka, na ga a hoto ka rame. Kuma ka ci abinci yau, kafin azumi ya hana ka.

Allah Ya kawo mana kai lafiya, ango.

Innarka,
Hajara